SUFETO TUNTUƁE YA DAWO BAKIN AIKI

Shafi na 31

Ke da kika turo min saƙo har sau bakwai kina rantsuwa in aka saka wa Auta ankwa kin bar karatun labarin nan, na gani. Ke ma da kika ce na fiya mugunta, na gani. Ku gyara zama, duk mai kofi a hannu ta ajiye shi nesa da waya. Kada a ce ban faɗa ba.

*

Ƙarfe goma da 'yan mintuna na safe, Auta na tsaye a tsakiyar ofishin Manaja, ta harɗe hannuwanta a ƙirji.

Yau kwana huɗu ke nan da ɓacewar kaset-kaset ɗin. Guda goma sha biyu, kwafin asali na finafinan Sufeto Tuntuɓe, ɗan sandan cikin nan da bai taɓa shiga ɗaki bai fasa wani abu ba, wanda aka yi shekara talatin ana dariyarsa. Babu wani kwafi mai kyau da ya rage sai su. Ita ce editar kamfanin, ita aka damƙa wa makullin sito don ta juye su cikin kwamfuta kafin ranar da za a sake haska su a babban silima. Ko na farko ba ta gama juyewa ba, ta zo da safe ta tarar da durowar ƙarfen wayam.

Hajiya mai kamfanin, matar marigayi Darakta, tana zaune kan doguwar kujera ta zabga tagumi. Wani sajen 'yan sanda na tsaye kusa da taga da ɗan littafinsa. Shi kuwa Manaja sai kai da kawowa yake a kan sabon kafet ɗinsa mai ruwan madara, yana kaɗa makullin mota.

"Hajiya, ni fa ba na son maimaita magana ɗaya," in ji shi. "Makullin sito guda ɗaya ne. A hannun wa yake? A hannunta. Ba a ɓalle ƙofa ba, ba a fasa taga ba. To aljanu ne suka shiga?"

"Wallahi ban ɗauka ba," Auta ta ce.

"Kin ji ko? Kwana huɗu, amsa ɗaya."

Hajiya ta ɗago. Idanunta sun yi ja.

"Auta, da hannuna na kawo ki wurin nan. In wani ne ya yaudare ki, ki gaya min. Na yi miki alkawari maganar ba za ta fita daga ɗakin nan ba."

"Hajiya, finafinan ubana ne fa. Shi ne Sufeto Tuntuɓen. Ta yaya zan ɗauki ubana in kai kasuwa?"

Manaja ya tafa hannu.

"Yauwa! Ai nan maganar take. Gani take gadonsu ne. Tsoho ya gama tsalle-tsallensa da faɗe-faɗensa ya koma gida yana gyaran rediyo, 'ya ta ce bari ta kwaso masa ladan gumi."

Saje ya yi gyaran murya.

"Mun caje gidansu, mun caje ɗakin aikinta, mun caje kowane ofis a ginin nan. Mai gadi kuma ya rantse tun ranar babu jaka ko but ɗin mota da ya fita bai leƙa ba. Ni dai abin da ya rage min shi ne in tafi da ita caji ofis ta ba da bayani a rubuce."

Ya kai hannu ƙugunsa. Ankwa ta yi ƙara.

Auta ta runtse ido. Ta yi wa kanta alkawari ba za ta yi kuka a gaban Manaja ba, ko da kuwa jan ta za a yi a ƙasa.

Sai ga wata ƙara daga waje.

Kwaram!

Kamar bokitin ƙarfe ya gangaro daga saman bene. Ya daki wani abu, wani abin ya daki wani. Aka ji muryar mai shara tana salati. Sannan shiru.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa, a hankali, cikin ladabi.

"Waye?" Manaja ya daka tsawa.

Ƙofar ta buɗe da ƙarfi har ta daki bango ta dawo ta rufe a fuskar mai shigowa. Aka sake buɗewa.

Laima ce ta fara shigowa. A buɗe take, ta maƙale a bakin ƙofa. Mai ita ya ja, ya tura, ya juya ta gefe, sannan ya shigo da baya-baya yana ba ta haƙuri. Kwat ɗin da ke jikinsa zai ɗauki mutum biyu. Hular kwanon da ke kansa ta lotse gefe guda. Tabaransa babu gilashi ko ɗaya. Ƙafarsa ta hagu kuwa tana cikin bokitin mai shara.

Ya juyo, ya ɗaga yatsa sama.

"Kowa ya tsaya inda yake! Har da ni!"

Littafin Saje ya faɗi ƙasa.

"La ilaha... Sufeto Tuntuɓe!"

Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Babanta ne. Babanta mai shekara sittin da bakwai, wanda gwiwarsa ta dama ba ta barinsa ya hau bene sai ya huta sau biyu. Da safen nan ta bar shi a shagonsa da rediyon wani a cinya, bai ce mata komai ba sai "Allah ya tsare."

Ta ƙarasa wurinsa da sauri, ta rage murya.

"Baba, me ka zo yi? Don girman Allah ka koma gida."

"Malama, a ja baya. Ana bincike."

"Baba, ba fim ake yi ba. Kama ni za a yi."

Bai ko dube ta ba. Ya girgiza ƙafa, bokitin ya fice ya gangara ƙarƙashin tebur.

Tun tana firamare take fama da wannan kwat ɗin. 'Yar Tuntuɓe ake ce mata. In ta shigo aji sai yara su yi ta zubewa ƙasa da gangan suna ihu. Ta taɓa yin wata guda ba ta yarda ya raka ta bakin makaranta ba. Ga shi yau, ranar da take buƙatar uba mai kwarjini, ya zo mata da laima.

Manaja ya tuntsire da dariya.

"Hajiya, kin ga irin gidan da muka ɗauko ma'aikaciya. Dattijo, nan ofis ne, ba filin wasa ba. Saje, fitar min da shi."

Amma Saje ya riga ya ƙame, ya sara.

"Ranka ya daɗe, wallahi saboda kai na shiga aikin ɗan sanda. Fim ɗinka na wanda ka kama kanka da kanka a cikin lif, na kalle shi ya fi sau ashirin."

Baba ya dube shi ta cikin tabarau marar gilashi.

"Saboda ni ka shiga?"

"Saboda kai, ranka ya daɗe."

"To Allah ya ba iyayenka haƙuri."

Hajiya ta kau da kai, ta sa gefen mayafi a baki. Kwana huɗu rabonta da murmushi.

"Ku bar shi," ta ce. "Minti biyar. Ko ba komai ya ci wannan darajar a gidan nan."

Baba ya rusuna zai yi godiya, hular ta faɗo, ya cafe ta da ƙafa ya mayar kai. Sannan ya fara bincike.

Ya tsaya gaban fankar tsaye ya tambaye ta inda take ranar Litinin. Fanka ta juya kai hagu, ta juya dama.

"Ta musa," ya ce wa Saje. "Rubuta."

Saje ya rubuta.

Ya buɗe firinji ya leƙa, ya yi sallama, ya rufe. Ya bi bango yana ƙwanƙwasawa da gindin laima, yana kara kunne. Da ya zo kusa da ƙofa, inda wasu tsofaffin ƙugiyoyin rataye kaya guda uku suke kafe a bango, sai ya tsaya ya shaƙi iska. Ya sake shaƙa. Ya yi atishawa mai ƙarfi har laimar ta buɗe da kanta.

"Minti biyu saura," Manaja ya ce yana duba agogo.

"Na gaji. Zan zauna in yi tunani."

Kafin a hana shi ya faɗa kan kujerar Manaja mai taya. Kujerar ta zarce da shi baya. Ya sa laima zai tokare, sai ta ƙara masa gudu. Ya zagaye tebur yana ihun a tare shi, daidai lokacin da Sakatariya ta turo ƙofa da tiren shayi a hannu.

Gwiwar hannunsa ta taɓa gefen tiren. Taɓawa kawai.

Butar shayi ta tashi sama, ta juya, ta sauka a tsakiyar kafet mai ruwan madara. Ko ɗigo bai taɓa Sakatariya ba.

"Innalillahi!" Manaja ya dafe kai. "Kafet ɗina! Ko sati bai yi ba!"

"Kada ka damu, kada ka damu, yanzu zan wanke."

Baba ya sungumi kwalbar furannin da ke kan tebur ya juye ruwanta a wurin, da furannin da komai. Bai ga ya isa ba, ya ɗauko gwangwanin madara ya ƙara, wai don kalar ta dawo.

Auta ta rufe fuska da tafin hannu.

"Kai, ya isa haka," Hajiya ta ce. "Ku naɗe kafet ɗin nan a kai shi rana kafin ya fara wari."

"A'a!"

Yadda Manaja ya faɗe ta sai da kowa ya juyo.

Ya sassauta murya.

"Ina nufin... a bar shi, Hajiya. Ni zan kira masu wanki da kaina. Mu gama da maganar yarinyar nan tukuna."

"Haba, ranka ya daɗe, madara ce fa," in ji Saje. "Kafin azahar ɗakin nan ba zai shigu ba. Kama can, Malama."

Shi da Sakatariya suka kama baki ɗaya suka fara naɗewa. Daɓen ƙasan na katako ne, tsoho, ya sha gogewa. Da naɗin ya zo tsakiya sai Manaja ya yi wuf ya tsallake kafet ɗin, ya dira a wani wuri, ya haɗe ƙafafunsa biyu ya tsaya ƙyam.

"To an naɗe. Shi ke nan ko? Saje, tafi da ita."

"Matsa mu fitar da shi mana," in ji Saje.

"Ku bi ta can."

A nan ne Auta ta sauke hannunta daga fuska. Gumi ne ke tsattsafowa a goshin Manaja, ga fanka na kaɗawa. Ta dubi ƙafafunsa. Ta gefen takalminsa akwai wani siririn layi a jikin katakon, ya miƙe, ya karya kwana.

Ta juya ta dubi babanta.

Ya riga ya tashi daga kujerar. Yana tafiya wajen ƙofa a hankali, babu tangaɗi, babu tuntuɓe. Ya cire hular kwanon ya riƙe a hannu.

"Zafi ya ishe ni," ya ce. "Bari in rataye hulata."

Ya wuce ƙugiya ta farko. Ya wuce ta biyu.

Manaja ya zaro ido.

"Kai! Kada ka taɓa wann..."

Baba ya rataya hular a ƙugiya ta uku, ya ja ta ƙasa.

Ƙarap!

Katakon da ke ƙarƙashin Manaja ya buɗe gida biyu. Mutum da kwat da agogon zinare, sai ga shi ya shige kamar an zare shi ta ƙasa. Aka ji timm! Ƙurar tsohuwar katifa ta taso. Takalmi ɗaya ya yi tsalle ya faɗo gaban Hajiya.

Kowa ya bi takalmin da kallo.

Sakatariya ce ta fara. Ta toshe baki, abin ya fi ƙarfinta, ta durƙushe a kan naɗaɗɗen kafet tana dariya har da hawaye. Saje ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa na rawa.

"Bayana! Wayyo bayana! Ku fitar da ni!"

Auta ta matsa bakin ramin ta leƙa. Zurfinsa zai kai ƙirjin mutum. Manaja na kwance a kan katifa, ƙafafu a sama. A gefensa kuma, an jera su tsaf a jikin bango, kwalaye biyu ne, an rufe su da leda.

Ta san kwalayen. Ita ta manna musu takarda da hannunta.

"Hajiya..." Ta waiwayo. "Hajiya, zo ki gani."

Baba ya zare tabaran ya sa a aljihu. Da ya yi magana, ba muryar Sufeto ba ce. Muryar da yake tashinta da ita sallar asuba ce.

"Saje, a fara fito da kwalayen. Shi zai iya jira."

Aka fito da su aka ɗora kan tebur. Hajiya ta yaye ledar, ta shafa bayan kaset ɗin farko.

"Wannan ramin fa? Shekarata goma sha biyar ina shigowa ofishin nan."

"Da can ba ofis ba ne, Hajiya. Nan ne ɗakin Sufeto a fim. Duk sanda kika ga na taka ƙasa ta haɗiye ni, nan nake faɗawa. Mu uku muka san yadda ake buɗe shi. Marigayi, Allah ya ji ƙansa. Ni. Sai mai kula da kayan wasa na wancan lokacin, wanda yake tsayawa bayan ƙofa ya ja ƙugiya in na ba shi alama."

Ya nuna ramin da laima.

"Ga shi can."

"Ƙarya ne!" Manaja ya yi ihu daga ƙasa. "Shi ya zuba su! Shi da 'yarsa suka haɗa baki!"

"Rabona da ginin nan tun kafin a yi masa bene na biyu, a tambayi mai gadi," Baba ya ce. "Jiya Auta ta ce min an caje ko'ina ba a gani ba, kuma ba a fita da komai ba. Na ce to kaya suna ciki. Ta ce ka sa sabon kafet ranar da abin ya faru. Na ce to. Amma ban tabbatar ba sai da na shinshina ƙugiyar nan. Ƙarfen da ya yi shekara ashirin ba a taɓa ba, yau yana ƙamshin man keken ɗinki."

Ya leƙa ramin.

"Na gode da ka sa masa mai. Da can sai na ja sau biyu."

Saje ya miƙa hannu ya jawo Manaja waje. Gashinsa duk audugar katifa. Kafin ya gama miƙewa Saje ya fara lalube aljihunansa: waya, makullin mota, alewar tari. A aljihun ciki na kwat ya zaro wani makulli guda ɗaya, ɗaure da jar fata wadda ta yi baƙi don tsufa.

Hajiya ta miƙe tsaye.

"Ba ni nan."

Ta juya shi a tafin hannunta.

"Makullin maigidana ne na sito. Ni na ɗaura masa fatar nan. Ranar da ya rasu na tambaye ka, ka ce ka duba ko'ina ba ka gani ba."

"Hajiya, ki tsaya in yi miki bayani..."

"Ɗazu ka ce makulli ɗaya ne."

"Hajiya, mutanen nan na ƙasar waje masu saka tsofaffin finafinai a intanet, sau uku suna zuwa kina korarsu. Ni gani na yi kayan nan ruɓewa za su yi a sito. Na ce in an kwana biyu ƙura ta lafa..."

"In an kwana biyu yarinyar mutane na kulle, kai kuma ka fita da su a but ɗin motarka."

Hajiya ta damƙe makullin a hannu.

"Shekara talatin kana cin abinci a gidan nan." Ta juya ga Saje. "Abin da ka ciro ɗazu, yana nan?"

"Yana nan, Hajiya."

"To ga mai shi."

Ankwa ta yi ƙara karo na biyu. Wannan karon Auta ba ta runtse ido ba.

Ashe tuni ma'aikata sun cika bakin ƙofa, masu kyamara, masu sauti, direba, har da mai shara da tsintsiyarta. Wani daga baya ya ɗaga murya:

"Kowa ya tsaya inda yake!"

Sauran suka amsa baki ɗaya:

"Har da ni!"

Tafi ya ɓarke. Mai shara ta rangaɗa guɗa, ta manta da bokitinta.

Hajiya ta ɗaga hannu aka yi shiru. Ta tako har gaban Auta, ta kama hannayenta biyu.

"A gaban mutanen nan aka zarge ki, a gabansu zan ba ki haƙuri. Na yi kuskure, 'yata. Ki yafe min."

"Babu komai, Hajiya."

"Akwai komai." Ta ɗora mata makullin mai jar fata a hannu, ta naɗe yatsunta a kai. "Daga yau duka biyun suna wurinki. Ranar silima kuma, kujerar gaba ta tsakiya ta ubanki ce. Shi zai hau dandamali ya buɗe taro."

"A dai cire matattakala," in ji Baba. Aka sake kwashewa da dariya.

Sai a lokacin Auta ta lura ya jingina da bango, ya ɗage ƙafar dama daga ƙasa, leɓensa na ƙasa a cije. Ta jawo kujera, ba mai taya ba, ta zaunar da shi, ta durƙusa ta naɗe ƙafar wandonsa. Gwiwar ta kumbura suntum.

"Baba, dubi abin da ka yi wa kanka."

"Benen ne. Bokitin kuma ya fi na da nauyi."

"Me ya sa ba ka zo kawai ka ce a ɗaga kafet ba?"

"Tsohon mai gyaran rediyo, uban wadda ake zargi, ya shigo ya ce a ɗaga kafet ɗin Manaja? A bakin get za a tsayar da ni. Amma mahaukaci da laima, kowa yana son ya ga ƙarshensa."

"Shayin fa? Da ya ƙona Sakatariya fa?"

"Na ji takunta tun daga bene. Taku goma sha ɗaya ne zuwa ƙofa, na ƙirga." Ya ɗan yi murmushi. "Auta, shekara goma sha ɗaya ina faɗuwa a gaban kyamara. Ban taɓa faɗuwa inda ban zaɓa ba."

Ta sunkuyar da kai. Hawayen da ta hana Manaja gani suka zubo a kan kwat ɗin.

"Na ce ka koma gida. A gaban mutane na ce ka koma gida."

"Ai daidai kika yi. Da ba ki ji kunya ba, da Manaja bai saki jiki ba."

Ta ɗauko hular kwanon daga kan ƙugiya, ta karkaɗe ta da gefen mayafinta, ta ɗora masa a kai. Ta gyara lotsattsen gefen ya koma inda yake zama a fim. Sannan ta juya ga mutanen da ke bakin ƙofa.

"Wanda bai sani ba ya sani. Ni ce 'yar Tuntuɓe."

Ihu ya sake tashi.

Saje ya bari aka lafa, sannan ya matso da littafinsa.

"Hajiya, kafin in tafi da shi sai an tabbatar kayan su ne, kuma sun cika. Ƙa'ida ce."

Aka turo na'urar kallon kaset da talabijin daga ɗakin aikin Auta. Ta fara fito da su ɗaya-ɗaya tana jerawa kan tebur, tana kiran sunayensu, Saje na rubutawa. Babu wanda ya fashe, babu wanda danshi ya taɓa.

"Goma sha ɗaya. Goma sha biyu. Sun cika."

Ta ɗaga kwalin za ta ajiye ƙasa, sai ta ji wani abu ya motsa a ciki.

Ta sa hannu. A can ƙasa, naɗe cikin tsohuwar jarida, akwai wani kaset. Babu tambarin kamfani a jikinsa, babu suna. Ba ta taɓa ganinsa a sito ba.

"Wannan fa?"

Dariyar da ke fuskar Hajiya ta ɗauke.

"Ba ya cikin lissafi. Miƙo min shi."

"Duk abin da aka samu a ramin sai na gani, Hajiya," Saje ya ce. "Saka mana, Malama."

Auta ta tura shi cikin na'ura.

Hoton ya yi rawa, ya yi layi-layi, sannan ya tsaya. Wannan ɗakin ne, shekaru da yawa baya. Ga Baba da ƙuruciyarsa cikin kwat, yana fitowa daga rami yana karkaɗe jiki. Amma ba fim ba ne, wani ne ya bar kyamara a kunne bayan an gama ɗauka. Hoton ya karkata gefe.

Ga kujerar darakta. Marigayi ba ya kanta. Yana tsaye a gefe, riƙe da kofin ruwa da takardu, yana jiran umarni.

Mace ce a zaune a kujerar, da tsohon ciki, fensir a maƙale a kunnenta.

"A sake," matar ta ce. "Ka yi saurin faɗuwa. Ka bari sai sun ɗauka ka tsira, sannan ka tafi. Dariyar a nan take."

Ta juyo ta fuskanci kyamara.

Auta ta ƙura wa talabijin ido. Hoto ɗaya tak take da shi na wannan fuskar, yana cikin jakarta ko yanzu. Tana da shekara huɗu matar ta rasu. Abin da aka gaya mata duk rayuwarta shi ne mahaifiyarta tela ce, ko ƙofar wurin ɗaukar fim ba ta taɓa takawa ba.

"Kashe shi," Hajiya ta ce. "Auta, na ce ki kashe shi!"

Auta ba ta motsa ba.

"Baba... Umma ce wannan?"

Baba ya cire hular ya ɗora a kan gwiwarsa. Bai ɗago ba.

Daga bakin ƙofa, da ankwa a hannu da audugar katifa a ka, Manaja ya saki wata 'yar dariya.

"Au! Ashe ba ku taɓa gaya mata wanda ya yi finafinan ba?"